Lulluɓin Iklima

Iklima ba ta ga lokacin da Gwaggo Balaraba ta zagayo ta bayanta ba.

Ranar kawo lefe ce, ɗakin mahaifiyarta Inna Mairama a unguwar Bracodi ta Adjamé ya cika da mata, ana ɗaga atamfa ana sa albarka. Bisa al'ada amarya ba ta fitowa a irin wannan rana, amma Gwaggo ta dage sai an kira Iklima ta gaishe da dangin miji. Tana durƙushe, kanta a ƙasa, sai duhu ya rufto mata. Wani mayafi ne baƙi mai nauyi da zaren gwal, an jefa mata shi tun daga ka har gwiwa.

"Bari mu ga yadda zai zauna wa amaryarmu," in ji Gwaggo tana dariya.

Numfashin Iklima ya tsaya a maƙoshi. Ƙamshin turaren ɗakin ya ɓace, warin buhun shinkafa da tamfol mai zafi ya cika mata hanci. Ta so ta ɗaga hannu, hannun ya ƙi.

"Yaya Usama... cire min... don Allah cire min!"

Daga nan ba ta ƙara sanin komai ba.

Ta farfaɗo ruwa na bin wuyanta, kanta a cinyar Inna. Ɗakin ya yi tsit. Gwaggo Balaraba na tsaye tana ninke mayafin a hankali, ba ta ko kallon yarinyar.

"Mairama, tun yaushe take da su?"

"Su wa, Hajiya?"

"Kada ki mai da ni yarinya. Mutanen ɓoye. Ko kin ɗauka ban san faɗuwar iska ba?"

"Zafi ne ya yi mata yawa, Hajiya..."

"To, zafi ne. Ku saurare ni da kyau. Ranar kai amarya ni zan lulluɓe ta da hannuna, ni zan zauna gefenta tun daga nan har gidanmu a Treichville. In ta isa a kan ƙafarta, Allah Ya ba su zaman lafiya. In ta yi irin wannan faɗuwar, motar da ta ɗauke ta ita za ta dawo muku da ita, takardarta a hannu. Ba za a haifa mana jikoki da iska ba."

Duk wanda ya san Gwaggo Balaraba ya san ba ta cika baki a banza. Ita ce yayar Alhaji Mijinyawa, mahaifin ango Muhsin, ita ta goya shi a Kano bayan rasuwar uwarsu, tun kafin ya zo Abidjan ya zama mai shigo da shinkafa. Har yau in ta yi tari Alhaji gyara zama yake. Ga kuma 'yarta Laila da ta daɗe tana tanada wa Muhsin, ya tsallake ya ɗauko 'yar marigayi mai sito daga Adjamé. Dama neman kuka take, sai ga shi an jefe ta da kashin awaki.

Saura sati bakwai biki.

Washegari da yamma Muhsin ya sami Iklima a kan benci a tashar bato, jirgin ruwan fasinja, ta Treichville, inda suka saba haɗuwa in ya taso daga aiki. Bato ɗaya ya cika ya tashi, wani ya iso.

"Ƙalbina, kalle ni."

Ba ta kalle shi ba.

"Gwaggo ta faɗa wa Alhaji nata. Ni naki nake son ji."

"Tun ina shekara goma ba a rufe min fuska ba, Muhsin. Ba na lulluɓa da bargo ko zazzaɓi nake. Ba na kulle ƙofar banɗaki. An kai ni wurin malamai uku, kowanne sai ya lulluɓe ni da zane ya sa hayaƙi a ciki, in faɗi, a ce ga su nan sun tashi."

"Me ya same ki kina shekara goma?"

Ta girgiza kai, idonta na kan ruwa. Bai matsa ba.

"Akwai wata a kusa da tashar mota ta Gare de Bassam," ya ce can. "Yayar abokina ce, Afra'u. Sikolog ce. Masu firgici take taimaka wa, da waɗanda suka ga abin da ya fi ƙarfinsu."

"Kai ma kana ganin na haukace?"

"Ina ganin kina ciwo, chérie. Kuma ina ganin Gwaggo ba wasa take ba. Ni ba zan iya rubuta miki takarda ba, amma in Alhaji ya ɗora albarkarsa a kai... ki taimake ni kada a kai ni wannan bangon."

Muryarsa ta yi rawa a ƙarshen maganar. Wannan rawar ce ta fi ba ta tsoro, don ta gane ko shi bai san abin da zai yi ba in ranar ta zo.

Ofishin Madam Afra'u na saman wani kantin magani, taga a buɗe, ana jiyo masu lodi suna kiran Bassam, Bassam. A Treichville aka haife ta, Hausarta na ɗingishi, in ta gaji sai ta hau Faransanci. Iklima ta zo a shirye ta sha tambaya kamar a caji ofis. Tambaya ɗaya aka yi mata.

"Ƙofa, a buɗe ko a rufe? Ke za ki zaɓa."

"A buɗe."

"Bon. A ɗakin nan ba a yin komai sai da izininki. In kin ɗaga hannu, mun tsaya."

Ranar ba a taɓo labari ba sam. Numfashi aka koya mata, ta ja ta hanci tana ƙirga huɗu, ta saki ta baki tana ƙirga shida. Aka ce ta danna tafin ƙafa a ƙasa har ta ji sanyin tayil. Aka ce ta lumshe ido in za ta iya, ta faɗi abu biyar da kunnenta ke ji, da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Iklima ta ga abin kamar wasan yara, har ta ji haushin kuɗin tasin woro-woro da ta biya.

"Anti, an ce aljanu ne."

"Ni ba na faɗa da malamai. Ki riƙe azkar ɗinki. Amma wanda ya karye a ƙafa, ana yi masa addu'a kuma ana kai shi wurin mai ɗori."

Zama na biyu Madam Afra'u ta ajiye wani ɗankwali shara-shara a kan tebur. Kallonsa kawai aka yi. Daga nan ya hau cinya, ya hau kafaɗa, ya hau ka. Kowane mataki sai ta tambaye ta tsoron ya kai nawa cikin goma, in ya haura bakwai a koma baya, a yi numfashi, a sake. Doka ɗaya ce ba a karyawa: hannun Iklima ke rufewa, hannun Iklima ke buɗewa. Ranar da yadin ya fara sauka kan idonta, numfashi ɗaya ta yi ta fizge shi, gumi ya jiƙe mata hijabi.

"Ɗaya ya fi babu," in ji Madam Afra'u. "Sannu ba ta hana zuwa."

Sati na uku labarin ya fito da kansa, ba wanda ya nema. Lokacin rikicin bayan zaɓe ne a Abidjan, a 2011. Abinci ya ƙare a gida, Yaya Usama, ɗan shekara sha bakwai, ya ce zai ɗebo shinkafa a siton babansu, ita kuma ta bi shi a ɓoye. Suna ciki harbi ya ɓarke a layin. Ya tura ta tsakanin buhuna, ya ja tamfol ya rufe ta.

"Ya ce, kada ki buɗe sai na dawo."

"Sai kika jira."

"Wuni da kwana. Ina jin fitsari, ina jin ƙishi, ban buɗe ba, don ya ce sai ya dawo. Wani maƙwabci ne ya ɗaga tamfol ɗin. Yaya yana bakin ƙofa... an rufe shi da kwali."

Madam Afra'u ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta matso da kwalin tishu, ta yi mata sannu irin ta mutanen Abidjan, "Yako, ƙanwata," ta bar ta ta yi kukanta har ya ƙare.

"Kanki ya san shekara sha huɗu sun wuce," ta ce daga baya. "Jikinki ne ba a gaya wa ba. Aikinmu mu gaya masa, kaɗan-kaɗan."

Sati na biyar Iklima ta kai minti ashirin a ƙarƙashin zane mai kauri. Ta fito tana murmushi, amma fuskar Madam Afra'u ba ta saki ba.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Da hannunki, kin iya. Da hannun wani, ban sani ba. Ba yadin kike tsoro ba, Iklima. Abin da kike tsoro shi ne a rufe ki a ce ki jira wani ya zo ya buɗe."

Murmushin Iklima ya ɓace. Ai wannan shi ne kai amarya tun daga farko har ƙarshe.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Ranar tana saukowa daga benen, Laila na ƙetaren titi, wayarta a ɗage. Kafin Iklima ta isa Adjamé hotonta a ƙarƙashin allon ofishin ya zaga dangin Muhsin kaf, Gwaggo ta bi shi da murya: ga amaryarku nan tana fitowa daga wurin likitan mahaukata. Kai, mutane! Da asibitin ido aka gan ta da sannu za a yi mata. Muhsin ya durƙusa gaban Alhaji ya roƙi ko a sauya mayafin da mara nauyi. Alhaji ya ce maganar Yaya ita ce magana, ya buɗe jaridarsa.

A gida kuwa Inna na zaune bakin gado tana jiranta.

"Ashe sirrin gidan nan kike kwasa kina kai wa bare?"

"Labarin Yaya Usama kawai na ba ta, Inna."

Inna ta kau da kai kamar an watsa mata ruwan zafi. Usama ɗan farinta ne. Tun ranar suna ba ta taɓa kama sunansa ba saboda alkunya, sai dai "yaron nan", kuma da ya rasu ko yaron nan ɗin ta daina faɗa. Gidan duka ya bi sahunta, aka rufe zancensa ruf.

"Allah Ya bayar, Allah Ya karɓa. Haƙuri ake yi, ba tone-tone ba."

"Na yi haƙurin, Inna. Wuni da kwana na yi a ƙarƙashin tamfol ina haƙuri. Ba ki taɓa tambayata abin da na ji ba."

"Iklima..."

"Na ji gudun silifas ɗinsa. Na ji harbin. Bai tafi nan take ba, Inna. Ke ya kira. Sau biyu."

Inna ta miƙe. Ta ɗauki buta.

"Kada ƙafarki ta sake taka wurin matar nan."

Ta fita. Daga ranar magana ta ɗauke tsakaninsu, sai gaisuwa. Iklima ta ci gaba da aikinta ita kaɗai a ɗaki da rana, zanen gado a ka, Madam Afra'u a waya tana ƙirga mata numfashi. Sau ɗaya ta roƙi ƙawarta ta rufe ta don gwaji. Ko ƙirga goma ba ta kai ba ta yi amai. Ba ta gaya wa Muhsin ba.

An ɗaura aure ranar Asabar da hantsi. Saboda cunkoson gadar shiga Treichville aka ce a kai amarya bayan la'asar. Hadari ya haɗo ta gabas, ya ƙi zubowa, zafi ya danne gari. Aka fito da Iklima tsakar gida aka zaunar da ita kan tabarma, mata sun kewaye ta.

Gwaggo Balaraba ta shigo, mayafin a ninke bisa hannunta. Ta warware shi, ta kaɗa, ta tsaya a kanta.

"In na rufe ki, kada ki buɗe sai ango ya zo."

Kunnen Iklima ya yi ɗif. Ta danna ƙafa a tabarma, ta ja numfashi, huɗun ma ba ta cika ba. Ta san faɗuwa za ta yi, tun a nan, ko mota ba a shiga ba.

"Hajiya, ba ta mayafin."

Kowa ya juya. Uwar amarya ɗaki take shigewa a irin wannan lokaci, ba a ganinta. Ga Inna Mairama tsaye a bakin ƙofa, ko takalmi babu.

"Me kika ce, Mairama?"

"Ki ba ta a hannunta, ta rufe da kanta."

"A ina aka taɓa yi? Al'ada ce..."

"Usama ya lulluɓe ta sau ɗaya." Muryar Inna ta fashe a kan sunan, amma ba ta tsaya ba. "Usama, ɗana. Ya rufe ta a sito ranar da aka harbe shi, ya ce ta jira shi. Ba iska ba ce, jira take har yau. Ba wanda zai sake rufe min 'ya da hannunsa ina raye."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati. Shekara talatin suna maƙwabtaka, ba su taɓa jin sunan nan a bakin Mairama ba. Matan Bracodi ne, kowacce ta san inda take a watan nan na harbi, kowacce ta sunkuyar da kai.

Gwaggo ta dubi fuskokin, ta ga ba mai goya mata baya. Ta jefa mayafin a cinyar Iklima.

"Ta rufe. Sharaɗina dai yana nan."

Iklima ta kalli Inna. Inna ta gyaɗa kai. Ta ɗaga mayafin da hannu biyu, ta yi bisimilla, ta saukar da duhun a kanta.

Mota ta bar Adjamé, Gwaggo a damanta, ƙanwar Inna a hagu. Sun ratsa unguwar Plateau lafiya. Suna hawa gada komai ya tsaya cak. Minti goma, minti ashirin, ta wuce iyakar da ta taɓa kaiwa. Gwaggo ta hana a sauke gilas, wai kada ƙura ta ɓata kwalliya. Gumi na bin bayan Iklima, zaren gwal na gogar kumatunta. Huɗu ta hanci, shida ta baki. Tsoron ya kai bakwai, ya tsaya nan yana jira.

Sai ƙara ta tashi a gabansu, mai ƙarfi, har motar ta girgiza.

Warin shinkafa ya dawo. Ta ji buhuna a bayanta, ta ji silifas na gudu. Hannunta ya fara mutuwa.

"Taya ce," in ji direba yana dariya. "Tayar tirela ce ta fashe."

Ta danna ƙafafu a ƙasan motar da duk ƙarfinta. Ba ta damu da wa zai ji ba, ta buɗe baki.

"Hon ɗin mota... mai tallar ruwan sanyi... injin bato a ƙarƙashin gada... rediyon direba..."

Saura ɗaya. Ta kasa kunne. A damanta wani numfashi ne ke fita sama-sama, a guje, irin wanda ta sani sarai. Sai a sannan ta ji zafi a gwiwarta. Hannun Gwaggo ne ya damƙe ta, farce ya nutse a nama. Ashe ita ma Gwaggo ƙarar ta tayar mata da nata firgicin. Direba ya gama dariyarsa, ƙanwar Inna ta koma hirarta, Gwaggo ba ta daina "Innalillahi" a ƙasan maƙoshi ba.

"...numfashin Gwaggo."

Biyar. Hannunta ya dawo nata. Ta kama bakin mayafin ta ɗaga shi kamar faɗin tafi. Ga ruwan tafkin lagun, ga hadari, ga wani bato cike da mutane masu komawa gida. Ta juya kaɗan, idonta ya faɗa cikin na Gwaggo, jajir, cike da ruwa. Amarya ta buɗe fuska a kan titi, a gaban mai neman dalili.

Iklima ta shaƙi iska sau uku, ta mayar da mayafin da kanta. Ba ta cire hannun Gwaggo daga gwiwarta ba, ta ɗora nata a kai. A haka suka sauka daga gadar.

A ƙofar gidan Treichville mata sun yi dafifi, Alhaji Mijinyawa na zaune a zaure. Muhsin, da bai kamata a gan shi ba, yana ƙetaren titi ya jingina da bango, fuskarsa kamar wanda ya kwana uku bai ci ba. Aka buɗe mota. Iklima ta zuro ƙafar dama, ta miƙe. Ta tsaya.

Alhaji ya dubi yayarsa.

"Yaya, ya hanya?"

Gwaggo ta gyara gyalenta.

"Taya ce ta fashe a gada," ta ce a daƙile. "Me kuke jira? Ku shiga da ita."

Bayan magariba Muhsin ya baro abokansa a falo suna cinikin sayen baki, ya leƙa ɗakin. Ƙofa a buɗe, taga a buɗe, ruwan sama ya fara sauka. Iklima na zaune bakin gado, mayafin a ninke gefenta.

"Ƙalbina..."

"Ban warke ba, Muhsin. Kada ka ɗauka na warke."

"Na sani. Laraba ni zan kai ki wurin Madam Afra'u, ta ƙofar gaba, kowa ya ɗauki hoto."

Ta so ta yi dariya, kuka ne ya zo, mai sauti, tun daga ciki. Matan da ke tsakar gida suka jiyo, suka rangaɗa guɗa, suna cewa amarya ta san darajar gidansu, dubi yadda take kukan rabuwa da uwa. Muhsin bai fita ya gyara musu zance ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya bar ta ta yi kukan yayanta.